Homa da goran kasuwar Argungu: na shiga ruwa da na ratayewa a bango

Da zarar an sa ranar bikin kamun kifi, kasuwar Argungu da bakin hanyar da ta nufi Matan Fada, ruwan da ake yin gasar a cikinsa, kan cika da homa da goruna. Daga nesa duk kamarsu ɗaya: raga ɗaure a jikin lanƙwasasshen itace, ga ƙaton gora mai baki a sama. Sai an ɗauka a hannu ake gane kaya iri biyu ne ke zube wuri guda. Akwai wanda masunci ya yi domin masunci ɗan'uwansa, akwai wanda aka haɗa cikin gaggawa domin baƙon da zai ɗauki hoto ya tafi da tsaraba. Kowanne da kasuwarsa, babu laifi a sayar. Abin da ke damunmu shi ne yadda na biyun ke faɗawa hannun samarin da za su shiga ruwa da shi da gaske, su ba su sani ba, mai sayarwa kuma bai tambaye su ba.

Gasar Matan Fada ba ta da sassauci ga kayan banza. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su (kamun kifi na taron jama'a) na girmamawa, homa da gora ne kayan shiga. Ba a jan taru, wato doguwar ragar ja, ba a jefa birgi, wato ragar jifa. Ana buga bindiga dubban mutane su ruga cikin ruwa lokaci guda, awa ɗaya kuma ake bayarwa. Wurin a rufe yake ga masunta sauran watannin shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, saboda haka kifin ciki ya samu sararin girma. Kifin da ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma kilo 78. Buhun siminti kilo 50 ne. Mai sayen homa ya riƙa tuna buhu ɗaya da rabi mai rai, mai bugu da wutsiya, a tsakiyar turmutsutsun jama'a.

Yawancin masu saye kan tsaya kan raga su yi ta juya ta, goran kuwa sai su ɗauki wanda ya fi sheƙi. A ganinmu an juya abin. Ragar da ta yage kifi kawai take jawo wa mutum ya rasa, amma goran da ya fashe a wuri mai zurfi maganar rai ce. Shi masunci ke kifa ƙirjinsa a kai, bakin yana sama jikinsa ya rufe shi, hannayensa biyu suna riƙe da homa, ƙafafu na tuƙi. Cikinsa kuma yake jefa ƙananan kifin da ya kama. Lissafin ɗaukarsa mai sauƙi ne: kowace lita ta iskar da ke ciki tana ɗaga kimanin kilo ɗaya a ruwa. Goran da cikinsa ya kai jarka mai lita 25 zai riƙe kusan kilo 25, wanda ya isa ɗaga kai da kafaɗun babban mutum, tunda ruwa ya riga ya ɗauke yawancin nauyin jiki. Amma duk litar ruwan da ta kutsa ciki ta rage kilo ɗaya, haka duk kifin da aka jefa. Wanda ya sayi ƙarami don ya fi sauƙin gudu da shi daga bakin gaɓa, tun kafin rabin awa zai ji haɓarsa na taɓa ruwa.

Goruna masu kyau da ake samu a hannun masunta na duman da ya ƙosa ne a jikin yaɗonsa kafin a cire. Ana gane su da abu uku da ba su buƙatar komai sai hannu da ido. A ƙwanƙwasa da bayan yatsa: ƙosasshe yana amsawa da ƙara mai tsauri, ɗanyen cira kuwa sai ya yi wani bif kamar kwali. A duba kaurin ɓawon daga inda aka yanka bakin, ya kai kusan kaurin fensir, kuma farce ba ya shiga idan an danna. Sannan a kara fuska a bakin a ɗaga gindin sama wajen rana. Duk inda haske ya ratso kamar tsinin allura, ƙwaro ne ya huda, kuma idan aka girgiza aka ga gari kamar na dawa yana zubowa, to har yanzu yana ciki yana aiki. Irin wannan a ajiye shi ko da kyauta aka ba ka.

Na gaggawa kuwa matsalarsu kusan iri ɗaya ce a kowace rumfa. Ba a kankare totuwar ciki sosai ba, ita kuwa totuwa tana shan ruwa kamar soso, ta ƙara nauyi, ta ruɓe, ta kira ƙwari da ɓeraye lokacin ajiya. Bakin ba a goge shi ba, ga kaifi kamar na fasasshen kwano, awa ɗaya yana gurzar fatar ciki. Wasu an buɗe bakin da yawa don a yi saurin kwashe totuwa, alhali faɗin da hannu riƙe da kifi zai shiga ya wadatar, abin da ya wuce haka ƙofa ce ga ruwa duk lokacin da wani ya ture ka. Mafi muni shi ne fenti. Fenti da man sheƙi suna rufe tsaga, su rufe ɗinki. Ɗinkin gyartai sana'a ce mai daraja, ƙwaryar hatsi da ya ɗinke takan yi shekaru tana aiki, amma ramukan da ya huda don zura zare ba sa hana ruwa shiga idan nauyin mutum na danne da goran. Shi ya sa masu aiki da gora suka fi son sa da launinsa na asali, kowane tabo a fili.

Idan mai kaya ya yarda, gwajin da ya fi kowanne shi ne a kai bakin ruwa a danna goran har kusa da baki, a riƙe minti goma, a ɗago a shafa ciki da busasshen tsumma. Kada a cika shi da ruwa a ɗaga don gwaji, nauyin kan tsaga lafiyayyen gora ma. Kuma dai, ko wane irin gora aka samu, bai maye gurbin iya ruwa ba. Wanda bai iya iyo ba wurinsa bakin gaɓa ne, ya sha kallo ya ji kiɗan makaɗan da ke zagawa a kwalekwale.

Homa fiffike biyu ce, ɗaya a kowane hannu, ana nutsa su a buɗe a haɗe bakinsu kamar tafi. Don haka gwajin farko shi ne a ɗora ɗaya kan ɗaya a ƙasa. In bakin bai haɗu ba, in ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko ta murɗe, ta wannan kafar kifi zai fice, komai saurin hannu. Itacen kirki mai lanƙwasa ne, irin su geza, an tanƙwara shi yana ɗanye aka ɗaure ya bushe a haka. A bi lanƙwasar da yatsa. Inda aka ji kumburin reshe ko aka ga ɓawo ya ɗaɗɗage, nan zai karye ranar da aka ɗora masa nauyi. A mahaɗar itatuwa ɗauri ake so, na zare mai kauri ko na robar tayar keke da aka yanka siri-siri aka naɗe da ƙarfi. Inda aka ga ƙusa a bari, domin ƙusa tana tsaga siririn itace tun ranar da aka buga ta, ta yi tsatsa, ga shi kuma tana iya yankar wanda ke kusa da kai a cikin cunkoso.

Wajen raga, yawancin abin da ke kasuwa yanzu na zaren nailan ne, kuma ba mu ga aibu a nan ba: ya fi na auduga ƙarfi, ba ya ruɓewa da jiƙa. Amma nailan ɗin iri biyu ne. Akwai mai sili ɗaya, mai santsi da ƙyalli irin na fatsa, wanda ake kalli da shi, wato ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya maƙale. Yana da araha, shi ya sa ake cika homar gaggawa da shi, sai dai ƙullinsa na zamewa, kuma da ya samu ƙarzuwa ɗaya sai ya tsinke. Akwai murɗaɗɗe, wanda ake sayarwa da lamba, 9 ko 12 ko 18 ko 24, gwargwadon girman lamba gwargwadon kauri. Mai neman karfasa da ƙananan tarwaɗa lamba 9 ko 12 ta ishe shi. Mai sa ran giwan ruwa kada ya sauka ƙasa da 18, domin murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi da tsini, ga ƙayoyin baya, kuma da su yake yanka siririn zare idan ya fara birgima.

Idon raga da yatsu ake auna shi. Baƙi kan zaɓi mai ƙananan ido da tunanin ba abin da zai kuɓuta. Akasin haka ke faruwa. Matsattsen ido yana tare ruwa, homa ta yi nauyin rufewa, babban kifi kuma ya ji motsin ruwan ya kauce kafin a haɗe. Yatsa uku zuwa huɗu shi ne daidai ga wannan gasa. Homar da aka ɗinka da yadin gidan sauro kuwa, wadda akan gani jefi-jefi, ba ta da wurin zama a ruwa ko kaɗan: ga nauyi, ga kwashe 'ya'yan kifin da ya kamata su girma wa baɗi. Zurfin aljihun raga shi ma a duba, hannu ya shige har kafaɗa. Marar zurfi kifi na buga wutsiya sau ɗaya ya yi tsalle ya fita.

Abu guda da kusan ba mai dubawa, kuma nan aikin gwani ke bambanta da na ɗan kasuwa, shi ne yadda aka ɗaure ragar a jikin itace. Gwani yana ƙulla zare duk bayan ido biyu ko uku, ta yadda ko wuri ɗaya ya tsinke sauran na nan daram. Mai gaggawa kuwa zare guda yake naɗewa tun daga farko har ƙarshe, ba ƙulli ko ɗaya a tsakani. Ana tsinka shi a wuri ɗaya raga duka ta sulluɓe ta bar mutum da sanda a hannu. A kuma sa yatsa a ja ido ɗaya da ƙarfi, musamman a ragar da launinta ya yi kyau fiye da kima. Tsohuwar raga da rana ta cinye akan rina ta ta koma kamar sabuwa, amma zarenta na tsinkewa ba tare da gardama ba.

Ƙorafinmu ga kusan duk masu sayarwa, har da na kirkin, shi ne ba sa haɗawa da igiya. Kifin da ke cin gasa ba ya shiga gora. Igiya ake zura masa ta baki a fito da ita ta kunne, a ja shi zuwa gaɓa inda ma'auni yake. A nemi mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon gaba biyu, a ƙona bakinta da wuta don kada ta warware. Kada a ɗaure ta a wuyan hannu ko a ƙugu da ƙullin da ba ya kuncewa da ja ɗaya, domin kifi mai kilo 50 yana iya nutsa da mutum. Ɗan guntun zare na gyara shi ma a soke a aljihu, ko don kurungu, wanda ƙayarsa mai zarto ke kafewa a raga har sai an yanka ido ɗaya ko biyu kafin a fitar da shi.

Mai niyyar shiga gasa, shawararmu ya manta da kayan makon biki. Ya je wurin masu saƙa a unguwannin masunta tun da sauran makonni, ya ba da aiki a yi masa daidai tsawon hannunsa, ya samu kwanakin gwadawa a wani ruwan da ba a hana ba. Sabuwar homa sai ta sha ruwa sau biyu ko uku kafin ɗaurinta ya zauna, a sake matse inda ya saki. In kuwa dole sai a kasuwa, a gaida dattijon da ke rumfar yadda ya kamata a tambaye shi kai tsaye: “Baba, wannan na aiki ne ko na ado?” Mafi yawansu za su faɗi gaskiya, wani ma ya jawo na aikin daga bayan rumfa, kuɗinsa kuma ya fi, kuma ya cancanci ƙarin.

Na adon kuwa, a matsayinsa na tsaraba, muna yaba shi. Biki ne da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, baƙi na zuwa daga nesa, kuma ƙaramar homa da gora mai zanen wuta sun fi rigar da aka buga wa hoton kifi nuna aikin hannun Kabawa. Zanen da ke rage wa ɓawo kauri, wanda aibu ne a ruwa, a bango shi ne kyan. A zaɓi wanda layukansa suka fita tsaf ba tare da ƙuna ta huda ba. Wajen tafiya da shi Birnin Kebbi ko Sakkwato, kada a jefa shi but ƙarƙashin buhunan shinkafa, a cusa masa tsumma a ciki a riƙe a cinya.

Bayan biki, homar aiki a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa, domin rana ce babbar abokiyar gabar nailan. A haɗe fiffiken biyu a ɗaure tare don kada ɗaya ya murɗe ya bar ɗan'uwansa. Goran a wanke ƙarnin kifi, a kife shi ya tsane sarai, sannan a rataye shi a ɗaki nesa da ƙasa saboda gara, ba a kan rufin kwano ba inda zafi da iskar hunturu za su tsaga shi. Inda hayaƙin murhu ke ɗan ratsawa ya fi, yana korar ƙwaro.