Tamostat ko na'ura mai hasashe: wanne ya dace da babban gini?

Tamostat, wato 'yar na'urar da ke kunna sanyi ko ɗumi gwargwadon zafin ɗaki, aikinsa jira ne. Sai ɗaki ya yi zafi ya wuce ma'aunin da aka sa masa sannan ya kunna sanyi. Yana da arha, kowane mai gyara ya san kansa.

Na'ura mai hasashe kuwa tana duba hasashen yanayin gobe, da lokacin da ma'aikata za su shigo, da farashin lantarki, ta lissafa yadda bangon ginin ke riƙe zafi, sannan ta fara aiki tun da asuba. Amfaninta ya fi fitowa a ginin da aka binne bututun ruwan ɗumama ɗaki cikin kankaren rufinsa, domin irin wannan rufin yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ɗumama. A irin wannan gini, tamostat kullum a makare yake isowa. A wani ginin Jami'ar Fasaha ta Cek da ke Prag, masu bincike sun gwada na'ura mai hasashe, suka samu ragin makamashin ɗumama na kashi 15 zuwa 28 cikin ɗari.

Sai dai kowane gini sai an ƙera masa lissafinsa na daban, kuma nan kuɗin ke tafiya. A ganina, ƙaramin ofis mai iyakwandishan biyu bai kai wannan wahalar ba.