Hattara manoma: maganaɗisu ba ya maye gurbin taki, ba ya cire gishirin ruwa

Tallan na yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Za ka ga bidiyon wani guntun bututu mai ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin injin ban ruwa, an jera mayen ƙarfe a cikinsa. Mai tallan zai ce duk ruwan da ya bi ta ciki ya zama "ruwan maganaɗisu", yabanya za ta ninka, a rage taki rabi, ruwa mai gishiri ma ya gyaru. Wasu kuma sanda suke sayarwa da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, a kafa a gona wai tana janyo ƙarfin sama. Muna roƙon manoma su tsaya su duba kafin su fitar da kuɗi.

Abin da ke sa mutane yarda shi ne akwai ɗan ƙanshin gaskiya a maganar. Masana sun daɗe suna gwada iri a cikin ƙarfin maganaɗisu, wasu kuma sun ga iri ya ɗan yi saurin tsirowa. Amma a ɗakin bincike ake yin wannan, da ƙarfi da lokaci a ƙayyade, kuma sakamakon ba ya tsayawa wuri guda: ya yi a wannan iri, ya ƙi a wancan. Saurin tsiro da kwana ɗaya daban, cikar buhu ranar girbi daban. A nan 'yan damfara ke shigowa.

Ruwa ba ƙarfe ba ne, ba ya riƙe maganaɗisu. Yana wuce na'urar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya fita yadda ya shiga. Ƙarfin mayen ƙarfe kuma yana mutuwa da sauri in an matsa daga gare shi: in nisa ya ninka, abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin takwas ne. Wanda aka binne a gefen kunya ba ya kai wa saiwar da ke taku biyu daga wurin wani abin kirki. Sandar jan ƙarfe ta fi muni, domin jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, kuma naɗaɗɗiyar waya ba ta haifar da shi sai lantarki na bi ta cikinta. Ko batun noma da lantarki ba sabo ba ne. A Ingila an kafa kwamitin gwamnati a 1918 don gwada shi, aka rushe kwamitin a 1936 ba tare da abin ya zama hanyar noma ba.

Asarar kuɗin na'urar ƙarama ce in aka kwatanta da shawarar da ke biyo ta. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin. Maganaɗisu ba ya ƙara ko giram ɗaya. Manomin da ya rage taki rabi zai ga masararsa ta fara rawaya daga ganyen ƙasa, rawayar ta taso daga bakin ganye ta bi tsakiyarsa, kara ya sirance, zangarniya ta fito ƙarama. Kafin ya gane, lokacin zuba taki na biyu ya wuce, kuma ba a mayar da shi.

Maganar gishiri ta fi tayar mana da hankali, don ita gonar kanta take kashewa. Akwai ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa, wadda ake kira mitar EC. A ma'aunin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da lambarsa a mitar ba ta kai 0.7 dS/m ba ba shi da matsala, wanda ya haura 3.0 kuwa matsalarsa babba ce. Ka ɗebi ruwa kafin na'urar, ka ɗebi wani bayanta, ka auna duka biyun a gaban mai sayarwa. Lambar ba za ta sauya ba, saboda gishirin bai je ko'ina ba. Wanda ya ci gaba da shayar da gona da irin wannan ruwa zai ga farin ɓawo a saman ƙasa, bakin ganye na ƙonewa. Maganin gishiri shi ne magudanar ruwa mai kyau, wanke ƙasa da ruwa mai daɗi, shuka irin da ke jure gishiri, da zuba jifsam (wani farin ma'adini) in sinadarin sodiyam ya yi wa ƙasar yawa.

Dillalan suna da salo iri ɗaya. Hoton gona biyu ne, ɗaya kore shar ɗaya a ƙwame, ba a faɗi irin da aka shuka ko takin da aka zuba ba. Takardar shaida ba ta da sunan cibiyar da za ka iya tuntuɓa. Ba sa faɗin ƙarfin na'urar da lamba, ba sa yarda a auna. Suna matsa maka ka biya yau don kaya sun kusa ƙarewa, wasu ma su ce ka kawo mutum uku a ba ka kamasho. In amfanin bai zo ba, laifin ya koma kanka: ba ka ɗaura ta daidai ba.

Wanda ya riga ya saya, kada ya taɓa takinsa. Ya ware fangali takwas masu girma ɗaya, huɗu da na'ura huɗu babu, a cakuɗe, ba a jere gefe guda ba, don ƙasar gona ɗaya ma takan bambanta. Iri ɗaya, taki ɗaya, yawan ruwa ɗaya, rana ɗaya. Ranar girbi a busar, a ɗora kowane fangali a kan sikeli, a rubuta. Na gwajin iri kuwa, ƙwaya 100 sau huɗu a kowane ɓangare, mai na'ura da marar na'ura, cikin damshin tsumma, masara a ƙirga wadda ta tsiro a kwana na bakwai.

A kuma nisanta waɗannan mayen ƙarfe daga yara, haɗiye biyu na iya huda hanji, haka kuma daga duk mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. A adana rasit da saƙonnin da aka yi da dillalin, a kai su ga malamin gona da hukumar kare haƙƙin masu saye.