Wasiƙa daga Manchista: ledar da tsoho ba ya iya buɗewa

Yaya, assalamu alaikum. Ya kasuwa, ya jikin Inna, ya yara? Allah ya sa kowa yana lafiya.

Ka tambaye ni a waya ko kayan kantin nan sun fi namu. Wajen tsafta da rubuta ranar da kaya zai lalace, gaskiya sun yi mana nisa. Amma akwai abin da ke ci mini rai tun zuwana, kuma tunda ka ce za ka sayi injin liƙe leda saboda gyaɗa da cincin ɗin shagonka, gara in ba ka labari tun yanzu.

Ka san aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wata baiwar Allah da nake zuwa wurinta da safe, ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune, amosanin gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu. Ran nan na shiga na same ta a kicin da ledar biskit a cinya, shayinta ya huce. Tun yammacin jiya take fama da ledar. Duk gefenta shatin haƙori ne, ga almakashi a kan tebur amma yatsunta ba sa shiga kunnensa. Firjinta cike yake, da kuɗinta ta sayi komai, sai dai ta jira wani ya zo. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye, don Inna ce ta faɗo mini a rai. Tun daga ranar ba na fita gidan sai na sassauta mata murfin madara, na juye biskit a gwangwani, na yanke bakin duk ledar da za ta nema kafin gobe.

Daga baya na gane ba mugunta ce ta sa kamfanoni suke yin haka ba. Ɗauki ledar soyayyen dankali. Ninki-ninki ce, roba ce da aka shafa wa alminiyum siriri, shi ne ƙyallin da ake gani a ciki, yana tare haske da danshi. Kumburin nan da yara ke cewa an sayar musu da iska, wata iska ce mai suna nitirojin ake hurawa, don kada man ya lalace, kuma kada dankalin ya dagargaje a mota. Bakin ledar kuwa da zafi ake narka shi ya manne. Idan liƙin ya yi rauni, leda za ta fashe tun a hanya. To ƙarfin da ke kare ta daga jijjigar mota, shi ne ke gagarar hannun tsohuwa. Mai ƙarfi kuma in ya fizga, sai ta tsage har ƙasa, dankali ya watse.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce roba mai tauri da ake rufe caja da batir da reza a ciki. An narke gefenta kewaye, sai da almakashi, kuma in ka yanka bakinta kaifi ne da shi kamar wuƙa. Har yau akwai tabo a babban yatsana. Dalilinta sata ne. A kantunan nan babu yaron shago da zai miƙo maka kaya, kai za ka ɗauka, sau da yawa ma kai za ka biya a na'ura ba tare da ka yi magana da kowa ba. Robar ce mai gadi. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano mai shago zai zaro caja, ya jona maka a waya, ka ga tana ɗauka kafin ka ciro kuɗi. Nan kuwa sai ka kai gida za ka taɓa abin da ka saya. Su kansu Turawan sun gaji, shi ya sa a 2008 kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet ya fara aiko da wasu kaya a kwali mai sauƙin buɗewa.

A wajen magani ne kawai ba ni da ƙorafi ko kaɗan. A 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Chicago na Amurka bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba ya mayar kanti. Daga nan ne aka tsaurara liƙe bakin kwalba, ta yadda in an taɓa za a gane. A nan Ingila, tun 1998 fakitin farasitamol na kanti ba ya wuce ƙwaya 16, na kemis 32. Kwalbar maganin ruwa sai ka danna murfin ƙasa kana murɗawa, ta bilic kuma sai ka matse gefe biyu, duk don kada yara su iya buɗewa. Duk lokacin da na riƙe irin wannan murfi sai in tuna kalanzir da muke zubawa a kwalbar lemo mu ajiye a ƙarƙashin gado, yaro mai rarrafe yana kusa. Don Allah, Yaya, ka duba gida, a kawar da wannan. Kuma ko a nan an yi wa tsofaffi tanadi: in sun roƙa, mai kemis yana ba su murfi na yau da kullum. Masu biskit ne ba su yi irin wannan tunani ba.

Saboda haka in injin ya zo, ka liƙe ledarka da kyau, damina ba ta barin cincin da rai. Amma ka sa yaran su yi ɗan tsagi da almakashi a gefen kowace leda, sama da layin liƙin, daidai inda yatsa zai kama. Kafin ka kai kasuwa, ka ba Inna guda ɗaya ta buɗe da hannunta, ban da haƙori. In ta sha wuya, a ƙara zurfin tsagin.

Kuka da kuɓewar da kuka ba wa mai zuwa sun iso lafiya. Ƙullin Inna ne, na gane shi tun kafin in taɓa, jan bakin zare ɗaya ya warware. A gaishe ta sosai, a ce mata ranar Juma'a zan kira bayan na tashi aiki.

Ƙanwarka.