Furen Fam Ɗaya da Kwasakwasan Landan

Yaya, kin ce in ba ki labarin kasuwar nan. To bari in fara da abin da ban taɓa zaton kuɗina zai shiga ciki ba, wato fure.

Tun ƙarshen Janairu, sanyi bai ko sassauta ba, wasu ƙananan fararen furanni suka fara leƙowa a gindin bishiyoyin da ba ganye ko ɗaya, kawunansu a sunkuye kamar amarya. Da Maris ya kama sai dafodil ya rufe ko'ina, rawaya shar. Shi ne ake sayarwa a manyan kantuna, ɗauri ɗaya fam 1, galibi daga gonakin Cornwall da Lincolnshire. A dunƙule ake kawo shi, bai buɗe ba, ba ko ruwa a gindinsa. Ranar da na fara ganinsa wallahi lawashin albasa na ɗauka, saura kaɗan in haɗa da tattasai. Ashe ba ni kaɗai ba ce: a 2015 sai da hukumar lafiya ta roƙi kantuna su nisanta shi da kayan miya, don guba ne, mutane na kai shi tukunya. Na saya, na tsoma a kwalbar man gyaɗa da na wanke, kwana biyu ya buɗe. Sati guda ɗakina yana haske. Attarugu kuwa 'yan ƙwayoyi a leda sun fi shi tsada.

Ranar Asabar na je lambun shaƙatawa na St James's Park, dab da fadar Buckingham. Shiga kyauta ne, babu mai gadi da zai ce kawo na goro. Amma kewayawa sai kin biya kwabo 20 na kuɗinsu, kuma da kati, sannan kofin shayi a rumfa ya fi ɗaurin fure biyu. Tsinkar fure a wurin laifi ne.

Tafkin ne ya tsayar da ni. Agwagi da dinya sun yi ɓul-ɓul, suna tafe tsakanin ƙafafun mutane, ba mai kallonsu da idon miya. Na tuna yaran unguwarmu da danƙonsu, na yi dariya ni kaɗai. Har kwasakwasa akwai, irin wadda Baba ke ba mu labari a fadamar Haɗeja. Tun 1664 ake ajiye su a nan, lokacin da jakadan Rasha ya ba Sarki Charles na biyu kyautarsu, kuma kullum wajen biyu da rabi na rana ma'aikaci ke kawo musu kifi. Ɗanyen kifi mai kyau, Yaya, ba ragowa ba. Wata tsohuwa kusa da ni tana watsa wa agwagi hatsi daga 'yar jaka. Ta ce burodi na cika musu ciki ne kawai, ba ya gina su. Shi ma hatsin tsuntsaye da layinsa guda a kanti.

Yanzu mutanen nan suna jiran tsattsewa, wadda ke isowa a Afrilu bayan ta ƙetaro Sahara, kamar yadda muke jiran shamuwa kafin ruwan farko. Ita ba biza, ba tikiti.

In an samu mai tahowa a aiko min da daddawa da kuka. Su kam fam ɗaya ba ya taɓa su a nan.