Kwas ɗin fiyanon jaz: darussa talatin na kirki, sai fayil guda ya karya kilabe

Kun san kwas ɗin. Shi ne wanda tallarsa ke bin mutum a YouTube da zarar ya nemi bidiyon fiyano sau biyu: darussa arba'in, wai zai ɗauko mai kaɗa rok ya kai shi jaz, ya ƙarasa da shi kiɗan salsa. Na biya kuɗin shekara, na bi shi daki-daki a kan fiyano mai maɓallai 88. Da a darasi na talatin aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba shi ko kokwanto babu. Darasi na 31 ne ya ɓata mini rai, kuma har yanzu ban huce ba.

In fara da alherinsa, don kada a ce ban yi adalci ba. Malamin ya san inda mai son rok yake tsaye. Bai soma da ka'idoji ba, da buluz mai gaɓa 12 ya soma (kowace gaɓa bugu huɗu ce), wanda kunnen duk mai sauraron Rolling Stones ko Led Zeppelin ya riga ya sha: kod uku (kod shi ne sautukan da ake dannawa tare), na ɗaya, na huɗu da na biyar. Sai ya ɗauke shi daga E da A, inda masu jita suka fi sakewa, ya kai shi F da B♭ inda masu busa suka fi zama, ya riƙa cusa masa kod ɗaya bayan ɗaya. Cm7 da F7 a gaɓa ta huɗu. Bdim7 a ta shida. Am7 da D7 a ta takwas. A ta tara da ta goma, Gm7 da C7 suka maye gurbin C7 da B♭7 da aka saba. Kafin mutum ya ankara, buluz ɗin da ya sani ya zama na jaz, kuma ya ga ta inda aka bi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da hannun hagu. Mai rok ya saba dukan tushen kod da na biyar ɗinsa da ƙarfi a can ƙasa. Malamin ya ƙwace wannan gaba ɗaya, ya bar yatsu biyu kacal, na uku da na bakwai. A F7 ka riƙe A da E♭. Za ka B♭7, kowane yatsa ya sauka maɓalli ɗaya, A♭ da D. Za ka C7, daga A da E♭ ɗin nan kowanne ya hau ɗaya, B♭ da E. Shi ke nan, buluz ya cika, hannu bai motsa daga wuri ɗaya ba. Daga nan ya shiga kod marasa tushe irin na makaɗan fiyanon jaz Bill Evans da Wynton Kelly: Dm7 ya zama F, A, C, E, kuma don a sami G7 yatsa ɗaya ne ke sauka, C ya koma B. Ya kuma faɗi abin da malamai da yawa ke tsallakewa, cewa in irin wannan kod ya sauka ƙasa da C ɗin da ke ƙarƙashin C na tsakiya, sautin zai dagule ya zama kunu, sai a juya kod ɗin a mai da shi sama. Darasin lilon bugun jaz ma ya yi kyau: a sa metronom, na'urar ƙirga bugu, a 60, a ɗauki kowane ƙas a matsayin bugu na biyu da na huɗu, a ɗage ƙafa daga feda. Wannan kaɗai ya isa ya gyara wa mai rok gaggawarsa.

Gadar da ya gina zuwa kiɗan Latin ma da hikima. Ya ɗauko "Oye Como Va", wadda Tito Puente ya rubuta, Santana ya mai da ita ta 'yan rok a faifan Abraxas na 1970. Kod biyu ne, Am7 da D9, a kan bugun cha-cha-cha, ba sauri, kowa zai iya binta. Sai na ce to, an zo wurin.

Ga wanda bai san kilabe ba, 'yan sanduna biyu ne da ake bugawa a kiɗan Kuba, bugu biyar a cikin gaɓa biyu. In kana ƙidaya "ɗaya da biyu da uku da huɗu da", ɓangare mai uku yana faɗuwa a kan ɗaya, a kan "da" ɗin bayan biyu, da kan huɗu. Ɓangare mai biyu yana faɗuwa a kan biyu da uku. In mai uku ya fara, 3-2 ke nan. In mai biyu ya fara, 2-3. Duk wanda ya taɓa tafa wa tsohon hailaif na Ghana zai ji kamar ya san muryar, don 'yan gida ɗaya ne. Ka'idar da ba a taɓawa ita ce: da zarar kilabe ya tashi, mai biyu da mai uku za su yi ta karɓeɓeniya har kiɗa ya ƙare. Kuma montuno, wato zagayen da fiyano ke maimaitawa, shi ma yana da fuska. A gaɓar mai biyu yana sauka daram a kan ɗaya da biyu, a gaɓar mai uku kuwa yana ratsawa ta tsakanin bugu. In aka juya su, makaɗan salsa suna da sunan abin, kurusado, kuma a wurinsu babu abin kunya kamarsa.

Malamin ya yi wannan bayanin duka, daidai, da bakinsa. Ya kaɗa montuno na 2-3 shi kaɗai, tsaf. Sai ya ce a sauke fayil ɗin ganguna a yi ta atisaye a kansa minti goma kullum.

Fayil ɗin ganguna ne zalla: kilabe, konga guda ɗaya da timbal, babu bes (abin kiɗa mai kaurin sauti), babu wani kod, a gudun bugu 160 a minti. Ka ɗora montuno a kai, ya zauna lafiya lau. Can sai ka ji kamar an ja maka tabarma, hannunka bai canza komai ba amma kiɗan yana ture ka. Ka daure, ka ci gaba, sai ya dawo ya zauna. Sai ya sake kufcewa. Abin da kowane ɗalibi zai fara zargi shi ne kansa.

Ba laifin ɗalibi ba ne. Na ajiye fiyano na ƙirga gaɓoɓin fayil ɗin da tafi. Wanda ya haɗa shi ya yanko guntu mai gaɓa 15, ya jera shi yana maimaituwa. Goma sha biyar mara ce. Guntun ya fara da mai biyu, don haka gaɓa ta 15 ma mai biyu ce, kuma da ya koma farko sai wata mai biyun ta sake biyowa. An haɗiye mai uku guda ɗaya. A gudun 160 kowace gaɓa daƙiƙa ɗaya da rabi ce, ke nan duk bayan daƙiƙa 22 da rabi kilabe yana karyewa. Zagaye na farko kana daidai, na biyu kana kurusado, na uku ka dawo daidai. A minti goman da aka ce ka yi kullum, biyar kana horar da kunnenka a kan kuskure ne. Kuma an yi rashin sa'a, babu abin da zai tona asirin. Da akwai bes da ke bin kod, da ka ji kod ɗinka ya saɓa da nasa nan take. Da konga biyu ne, da saukar hannu kan babbar a ɓangaren mai uku ta nuna maka inda kake. Konga ɗaya kuwa bugunta iri ɗaya ne a kowace gaɓa. Timbal ɗin yana da fuska, amma shi ma tare da kilaben aka yanke shi, kuma an danne sautinsa a haɗin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wane ne aka sayar wa wannan. Wanda ya girma cikin kiɗan nan zai ji karyewar a zagaye na biyu, ya yi tsaki ya rufe fayil ɗin. Amma kwas ɗin ga mai rok aka yi shi, mutumin da duk rayuwarsa gaɓa ɗaya kamar 'yar uwarta take, ganga a kan biyu da huɗu, ko ta ina ka shiga ka shiga daidai. Abu guda da yake buƙatar koya a wannan sashe shi ne cewa a nan gaɓa biyu ne ke yin jimla ɗaya, kuma ba a musanya su. Shi ne ainihin abin da fayil ɗin ke rushewa. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma wannan waken a tsakiyar tukunya aka ajiye shi.

Na rubuta wa masu kwas ɗin da lissafin duka, har da daƙiƙar da ake jin karyewar farko. Amsar da ta zo ta ce kiɗan Latin yana ɗaukar lokaci kafin ya shiga jiki, in ƙara haƙuri in rage gudu. Na sake aikawa, na ce don Allah a ba malamin da kansa ya saurara daga daƙiƙa ta 20 zuwa ta 25. Shiru. Fayil ɗin yana nan yadda yake.

Tsugune ba ta ƙare ba, don wannan fayil ɗin dai shi aka ɗora a ƙarƙashin bidiyon rawa na darasi na 34, wanda aka saka a matsayin ƙari. Takun salsa ƙidaya takwas ne a kan gaɓa biyu: taku a ɗaya, biyu, uku, a dakata a huɗu, taku a biyar, shida, bakwai, a dakata a takwas. Masu rawar bidiyon salon New York suke koyarwa, wanda ake dangantawa da Eddie Torres, inda ake karya taku a kan biyu da shida. Matar da ke koyarwa ta ce a saurari kilabe, a 2-3 zai buga tare da ƙafarka a biyu da uku, sannan biyar, tsakanin shida da bakwai, da takwas. Gaskiya ta faɗa. Amma bayan gaɓa 15, bugun nan biyu sun koma kan shida da bakwai, ita kuwa tana ci gaba da ƙidayarta kamar ba abin da ya faru, alamar daga baya aka liƙa sautin a kan hoton. An ce in kiɗa ya canza rawa ma ta canza. A nan kiɗan ya canza, rawar ba ta ji labari ba.

Da wannan haushin ne na koma na dubi darussan farko da wani ido, sai ƙananan abubuwan da na yafe suka dawo mini. Kusan komai a C da F aka nuna shi. Sau ɗaya malamin ya ce "a kai shi duka maɓallai goma sha biyu", bai nuna tsarin da za a bi ba, alhali a nan aikin yake; abin da ke aiki shi ne a bi zagayen C, F, B♭, E♭ har a dawo, biyu a mako, ba a tsallake D♭ da G♭ don suna da wuya. Hoton maɓallan da ke haskawa a saman bidiyo yana makara kaɗan a bayan sauti, wanda a darasin kod ba komai ba ne, amma a darasin montuno da komai ke tsakanin bugu, ruɗani ne. A rufe shi da takarda a bi kunne. Sannan ba a gaya wa kowa cewa kod mai tsawon maɓalli goma da malamin ke miƙawa da hagu ba kowane hannu ke kaiwa ba. Mai ƙaramin hannu ya mirgina shi daga ƙasa zuwa sama, ko ya bar wa dama na saman. Kuma mai fiyano irin na situdiyo, mai maɓallai 61 marasa nauyi, ya sani darussan tafiyar bes da hagu za su ƙure masa ƙasa sai ya sauke zangon fiyanon daga saiti. Ba su ambata ba ko sau ɗaya.

To, duk da haka ba zan ce a guje shi ba, ko da yake da na fara rubutun nan niyyata ke nan. Darussa 1 zuwa 30 sun fi abin da na gani a wurare masu tsada, kuma bayanin baki na sashen Latin ɗin ba shi da aibu. Tauraro uku. Na so in ba da biyu saboda amsar da suka ba ni, amma darasin yatsu biyun nan ya hana ni.

Wanda ya riga ya saya, gyaran ba wuya. A buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ne. A zaɓi daga farkon gaɓa ta ɗaya zuwa ƙarshen ta 14, daƙiƙa 21 cif, a yar da sauran, a maimaita wannan guntun. A tabbata farkon fayil ɗin ba shi da ɗan shiru kafin bugu, in akwai a fara aunawa daga inda kongar ta soma, ba daga kilaben ba, don a 2-3 kilabe ba ya buga ɗaya. Sannan kafin a taɓa fiyano a gwada: a tafa kilaben tare da shi minti biyu ba tsayawa. In tafinka da sandunan ba su rabu ba ko sau ɗaya, yankan ya yi. In sun rabu a wurin haɗin, an ci ko an bar wani ɗan guntu, a koma a matsa layin yankan. Kuma kada a yi wannan atisayen da abin kunne na Bluetooth haɗe da fiyano, jinkirinsa kaɗai ya isa ya sa montuno mai kyau ya ji kamar ya makara; a sa mai waya.