Tsanin alminiyam mai shigewa cikin kansa: shekara guda ina hawa bisa Kosta da shi

Motata tsohuwar Kosta ce ta Toyota. Na cire kujerun baya duka, mai walda ya yi mani gado da kanta da mazaunin firji, na mayar da ita shago kuma ɗakin kwana. Sana'ata maganin dabbobi ce, ina bin kasuwanni daga Katsina zuwa Mashi, Daura, Mai'adua da Zango, wani fitar sai na kwana biyu ko uku ban ga gida ba. Yaran unguwarmu ta Ƙofar Marusa suna ce mata gidan Baba mai taya. A Amurka da Turai irin wannan mota kamfani ke ƙera ta tun daga farko, da yawansu har da tsani a manne a baya. Tawa kuwa haɗin gida ce, babu wanda ya yi tunanin yadda za a riƙa hawa samanta, har da ni.

Kuma hawan dole ne. Akwai faifan sola biyu a bisa, su ke cajin batir, batir ke riƙe firji, firji kuma ke riƙe allurar rigakafin kaji da ta awaki, wadda ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ta yi zafi sau ɗaya, ruwa za ka sayar wa mutane. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauko, kwana uku kawai sun isa faifan ya yi fari fat har ka rubuta sunanka da yatsa a kai, caji ya ja baya, kafin asuba firji ya fara kuka. Ke nan a hunturu sau biyu a mako nake hawa, wani lokaci sau uku.

Da farko da taya nake hawa, in taka bakin taga, in ja jikina. Shekarata 54, kun ga wannan ba dabara ba ce. Sai na sa kafinta ya yi mani tsanin katako, ya yi shi da ƙarfi kuwa, amma bai shiga cikin motar ba saboda kantar kayan da ke ciki. Wurin ajiyarsa ɗaya ne: bisa motar. Wato tsanin da zan hau sama da shi yana can sama ɗaure, sai na fara hawa ta taya na sauko da shi. Uwargida ta daɗe tana yi mani dariyar wannan.

A Ƙofar Ruwa ta Kano na ga wanda nake magana a kai. Bututun alminiyam ne masu shigewa cikin juna kamar eriyar tsohuwar rediyo, in an rufe shi bai kai mita ɗaya ba, ka rataya a hannu kamar jaka. Mai shagon ya tambaye ni tsayin motar, na ce wajen mita 2.6. Ya ce, "To Alhaji, ga mai mita 2.6 daidai, kamar don kai aka yi, kuma ya fi araha." Har na fara lalube a aljihu, sai wani yaro mai ɗaura sola da ya zo sayen waya ya sa baki. "Baba, kar ka ɗauki wannan. In ka kai sama me za ka kama?"

Wannan tambayar ita ce duk ilimin da na samu game da tsani. Tsani ba a tsaye cak yake zama ba, jingine yake, kuma ƙa'idar jinginar ita ce duk mita huɗu na tsayi a janye gindinsa mita ɗaya daga jikin abin, kusurwa ta kama wajen digiri 75. A motata gindin zai zauna kamar santimita 65 daga jikinta, kuma tsanin zai ci kusan mita 2.7 kafin ya taɓa bakin rufi. Sannan ana so ya zarce bakin rufin da wajen mita ɗaya, matakai uku ke nan, don ka samu abin riƙo lokacin da za ka ɗaga ƙafa ka ɗora a sama, da lokacin da za ka juyo da baya ka nemi mataki da ƙafa ba tare da kana ganinsa ba. Hawa ba shi ne wahala ba, saukowa ce. In ka haɗa lissafin, mai mita 3.8 ne ya yi mani, mai matakai 13. Mai mita 3.2 ma rabin mita kawai zai bari a sama. Na biya kuɗin da zai yi mani tsanin katako huɗu, na fito ina jin zafin kuɗin har Kazaure.

Abin da ya burge ni da farko shi ne wurin zama. A bayan kujerar direba yake, tsaye, na ɗaure shi da roba. Na ɗora shi a sikelin da nake auna dusa, kilo 11 da 'yan kai, ɗana na sakandare yana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Takardar jikinsa ta ce yana ɗaukar kilo 150, kuma wannan lissafin har da duk abin da ka riƙe, ba nauyin jikinka kaɗai ba. Akwai sandar da ake ɗaurawa a gindinsa a kwance mai takalman roba, ta fi faɗin tsanin, ita ke hana shi kifewa gefe. Da kusoshi ake ɗaura ta, kuma na ga mutane suna barinta a kwali saboda tana ƙara mashi faɗi wajen ajiya. Ƙa'idar Turai da ake kira EN 131, wadda aka buga a jikinsa, tun 2018 ta wajabta irin wannan faɗin gindi ga tsanin jingina da ya wuce mita uku. Ban cika yarda da rubutun jikin kaya ba, kowa na iya buga sitika, a Ingila ma an gwada irin waɗanda ake sayarwa a intanet aka tarar da yawa ba su ci gwajin ba. Amma sandar dai ni shaida ne tana aiki, a ɗaura ta.

Ranar farko da na buɗe shi duka na kai tsakiya, sai na ji yana ɗan lilo a ƙarƙashina, cikina ya ɗuri ruwa. Halinsa ne, ba kamar katako yake ba da yake tsaye ƙyam. Mutum yana sabawa, amma har yau ba na son sa, kuma ba zan ba mai ƙiba sosai shawarar ya saya ba ko da takarda ta ce 150. Matakan ma sirara ne, in ka tsaya minti goma a guda tafin ƙafarka zai gaya maka.

Yanzu ga inda matsalarsa take, kuma a ƙasarmu babba ce. Kowane mataki yana da 'yan sakata biyu, dama da hagu, masu sifirin a ciki. In ka ja matakin sama sai su faɗa rami su ce ƙas, shi ke nan ya kulle. Duk ranka a kan waɗannan 'yan ƙarafan yake. Wanda ya ƙera su kuwa bai san ƙurar Mai'adua ba.

Wata Lahadi cikin Janairu na isa kasuwar tun da duhu, na ce bari in share faifan kafin shanu su fara shigowa. Sauri nake, masu kaji sun fara taruwa. Na ja tsanin zuruf zuruf har sama, ban tsaya sauraren ƙas ɗin kowane mataki ba. Na kai na shida, sai gefen hagu ya zube ƙasa kamar taƙi guda, tsanin ya karkace, na rungume shi ƙirjina ya bugi jikin motar. Ɗana da ke riƙe da gindin ya ce, "Baba, kar ka motsa!" Ina zan motsa? A hankali na sauko, gwiwa na rawa. Da muka duba, yashi ne ya cika ramin sakatar hagu, ta shiga rabi ta tsaya. Ta dama ce kaɗai ta riƙe ni. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya a ƙujewar hannu.

Laifin rabi nawa ne, rabi na tsanin. Nawa, don akwai 'yar alama a kowane mataki da ke nuna ya kulle, ban duba ba. Nashi, don sakatar da ƙura ke iya hana ta shiga bai kamata ta yi shiru ba, ya kamata mutum ya gane tun daga ƙasa. Tun daga ranar, mataki ɗaya ɗaya nake buɗewa, in ji ƙas biyu, in danna da hannu, sannan in ja na gaba. Bayan aiki in goge bututun da busasshen tsumma kafin in rufe, in sa shi cikin buhu. Wani makanike ya ce in zuba mashi baƙin mai zai riƙa tafiya sumul. Kada wanda ya yi haka. Mai da ƙura in suka haɗu kwaɓa suke zama, sakatar ta ƙara maƙalewa. Tsohon buroshin haƙori da iskar famfon mai faci sun ishe shi.

Wajen rufewa kuma a kula da yatsu. Nawa ba mai saukowa a hankali ba ne, kana sakin sakata matakin sama yake faɗowa kan na ƙasa kamar wuƙar yankan takarda. Farcen babban yatsana ya yi wata biyu baƙi. Hannu a gefen bututu ake ajiyewa, ba tsakanin matakai ba. Akwai mai tsada da ke saukowa sannu sannu, da na sani shi zan saya.

Sauran abubuwan ba na tsanin ba ne, na motar ne da ƙasar da za a kafa shi. Bakin rufin Kosta a lanƙwashe yake kuma fenti na da santsi, tsanin yana son zamewa gefe, yana kuma kankare fentin. Na yanka tsohon soson katifa na naɗe inda yake taɓa motar, kuma da na kai sama abin da nake fara yi shi ne in ɗaure shi da igiya a ƙarfen da ke riƙe faifan sola. Kafin a ɗaure, dole wani ya riƙe gindin. A kan rairayi kuwa ƙafa ɗaya na iya nutsewa ta bar ɗaya, shi ya sa nake yawo da guntun falanki ina shimfiɗawa. Motar a giya, birkin hannu a ja, dutse a bayan taya, makulli a aljihuna, kar wani mai taimako ya ce bari ya gyara fakin ina sama. Bokiti ba na hawa da shi, hannuna biyu na tsani ne, in na zauna a sama sai in jawo shi da igiya. Kuma ba a hawa da doguwar riga ko silifas. Na taɓa taka bakin rigata a mataki na uku, sau ɗaya ya ishe ni.

Sai wayar wuta. Alminiyam yana ɗaukar lantarki, katako busasshe bai cika yi ba, a nan tsohon tsanina ya fi wannan. A lungunan cikin gari wayoyi ƙasa ƙasa suke, in na miƙe a bisa motar kaina ya wuce mita huɗu, ga sandar goge goge a hannu jiƙe da ruwa. Babbar waya kuwa ba sai ka taɓa ta ba, kusantarta ma ta isa. A ƙofar gidana ba na hawa sam, sai na fitar da motar fili. Kafin in buɗe tsani sama nake fara kallo, ko da an ce babu wuta, don ba ta sallama in za ta dawo.

A saman, ba tafiya nake ba, rarrafe nake. Kwanon rufin siriri ne, in ka taka tsakiya sai ya loɓa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin, tsatsa ta biyo baya. Inda ƙarafan ciki suka ratsa nake ɗora gwiwa, ko in shimfiɗa falanki. Faifan sola kuwa ko gwiwar hannu ba na ɗora mashi, yana tsagewa ta ciki ba ka gani, sai dai caji ya ragu. Ruwa zalla da soso mai laushi nake sa mashi, in akwai kashin tsuntsu in jiƙa shi ya yi laushi da kanshi. Omo kuma ba na yarda ya taɓa rufin ina kai, kumfa a kan fenti daidai yake da kuɓewa. Lokacin aikin bayan sallar asuba ne. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfe tara na safe ma tsanin ba ya taɓuwa, kuma ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu ba alheri ba ne.

Inda tsanin ya biya kuɗinsa shi ne watan Mayun da ya wuce. Da tsohon tsari ba na daɗewa a sama, in share in gudu. Wannan karon na zauna na bi rufin taƙi taƙi, sai na ga gam ɗin da aka toshe kusoshin faifan sola da shi ya bushe ya tsattsage, ga ganyen bedi da 'ya'yansa sun cika hanyar ruwan da ke gefen rufin, tsatsa ta fara ci a ƙarƙashinsu. Na kankare, na shafa jan fentin tsatsa, na sake toshe kusoshin. Ruwan Agusta ya zo ya wuce, ko ɗigo bai sauka kan kwalayen magani ba, alhali bara waccan sai da na zubar da kwali biyu.

Shekara guda ke nan, takalmin roba ɗaya ya fara cinyewa, sakatar mataki na shida kuma har yau sai na taimaka mata da babban yatsa. Mai Hiace ko wata motar da ba ta kai tawa tsayi ba, mai mita 3.2 zai ishe shi. Mai aikin gini da zai wuni a kan tsani cikin siminti da yashi, wannan ba nashi ba ne, wata uku ba zai yi ba. Ni dai in wannan ya mutu zan sake sayen irinsa, mai saukowa a hankali. Tsanin katakon kuwa uwargida ta karɓe, da shi ake hawa soro shanya kuɓewa.