Rage tumbi ko karkatar da hanji: wacce ta fi dacewa da ke?

Hajiya, kin ce nauyinki kilo 128, tsawonki mita 1.62, ga ciwon suga, ga ƙwannafi, gwiwa kuma ta hana ki sakat, sannan likita ya ce ki zaɓi ɗaya cikin tiyata biyu na rage ƙiba. Da wannan lissafi BMI ɗinki, wato ma'aunin ƙiba da ke gwada nauyi da tsawo, ya kusa 49. Ƙa'idar Amurka ta 1991 ta ce wanda ya kai 40 ya cancanci tiyata, a 2022 ma likitocin fannin suka sauko da shi zuwa 35. Batun cancanta dai babu gardama.

Ta farko, wadda suke kira silib, yanke tumbi ake yi a cire kusan kashi 80 cikin ɗari, a bar siriri kamar ayaba. Ba a taɓa hanji. Ɓangaren da ake cirewa shi ke samar da yawancin sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa cin abinci ke raguwa sosai. Ta fi sauƙin yi, ita aka fi yi a duniya yanzu, amma abin da aka yanke ya tafi ke nan. Babban aibinta kuwa a kanki yake faɗowa: tana iya tsananta ƙwannafi, har wasu sai an sake musu tiyata an mayar da ita baifas.

Baifas ɗin ita ce ta biyu. Ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, wajen mililita 30, a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Ta ɗan fi rage nauyi, ta fi kwantar da ciwon suga, ƙwannafi kuma yawanci lafawa yake yi. Ni a ganina, mai suga da ƙwannafi tare, wannan ta fi kusa da ita.

Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Wurin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, bitamin B12 ma yakan yi ƙasa, don haka ƙwayoyin bitamin da gwajin jini sun zama naki har abada. Mai silib ma tana sha, amma mai baifas in ta yi sakaci ƙarancin jini ba ya jira. Ga zaƙi: kofin zoɓo mai sukari ko shayi mai kauri zai iya jawo jiri, gumi, bugun zuciya da zawo cikin ɗan lokaci. Uwa uba maganin gwiwa. Diclofenac da ibuprofen da muke saya a kemis kamar gyaɗa suna haddasa gyambo a wurin ɗinkin, dole ki rabu da su.

Zoben da ake ɗaura wa tumbi kuwa, likitoci da yawa sun bar shi, kada ki ɓata lokaci a kansa.

Kowacce kika yi, tuwo sai loma kaɗan, ruwa kurɓi-kurɓi, ba a haɗa ci da sha. Da zafin Gusau na watan Afrilu, bushewar jiki abin tsoro ne, saboda haka azumin shekarar farko sai da izinin likita. Ɗaukar ciki ma a jinkirta wata 12 zuwa 18.

Ko Abuja za ki, ko Masar ko Indiya, ki nemi a leƙa tumbin da kyamara kafin a yanke shawara, ki karɓo cikakken rahoton aikin a rubuce. Tun kafin tafiya kuma ki samu likitan da zai riƙa duba ki a asibitin tarayya na FMC Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato in kin dawo.